Layin Da Ban Faɗa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Sun kira ni aiki. Fim ɗin talabijin ne na minti casa'in, labarin yadda duniya za ta koma nan da shekara hamsin. An gama ɗaukar komai, murya ce ta rage. Ni zan riƙa faɗin shekaru da abin da ya faru a cikinsu. Darakta ya ce yana neman muryar da ko ƙarya ta faɗa za a yarda. Shekara talatin da ɗaya ina karanta labarai a rediyo, ga shaidar da na samu. Yabo ne ko zagi, oho.

Laraba, 5 ga Maris

Darakta ya zaga da ni inda suka yi aikin, wani tsohon sito. Na riƙe baki. Kumbon da ya kai mutane duniyar wata ashe bututun ruwa ne da soson katifa, an fesa musu fenti. Birnin shekara ta 2070 kuwa kwalaye ne a kan tebur, ko gwiwata bai kai ba. Hular jarumar, hular kwano ce ta babur. Na ce, "Da wannan za ku ruɗi jama'a?" Ya ce, "Baba, bari ka gani a allo."

Ya nuna mini. Wallahi sai da na ja da baya.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗakin ɗaukar murya. Mai haɗa sauti mace ce, Kunnuwa suke ce mata, wai ko ƙuda ya yi tari sai ta ji. Layi goma sha huɗu aka ba ni.

2038, motar fetur ta ƙarshe ta shiga gidan tarihi. 2046, an haifi jariri na farko a duniyar wata. 2059, teku ya haɗiye birane uku a mako guda.

Na tambayi Darakta wa ya gaya musu. Ya ce marubucin ne ya zauna da kalanda da kofin shayi. To, madalla.

Na yi goma sha ɗaya, maƙogwaro ya ƙi. Saura uku, sai Talata.

Talata, 11 ga Maris

Ban je ba. Murya ta dishe kamar ta tsohon zakara. Uwargida ta dame ni da zuma da ruwan ɗumi. Darakta a waya: "Kar ka damu, Baba, mun san yadda za mu yi." Na ɗauka yanke layukan za su yi.

Asabar, 29 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da la'asar aka nuna fim ɗin. Muna falo, ni da Uwargida da Auta, da ta zo daga gidan mijinta musamman don ta gani. Ina ƙirga layukana a zuci. Goma. Goma sha ɗaya. Na miƙa hannu zan ɗauki ruwa, sai na ji ni. Ni! "A shekara ta 2063, aka yi ruwan sama na farko da ɗan Adam ya yi odarsa."

Ban taɓa faɗin wannan ba. A takarda kawai na gan shi.

Har da ɗan numfashin da nake ja kafin in faɗi lamba. Har da yadda nake danne ƙarshen magana. Na miƙe tsaye, kofin ya kife. Na ce, "Ba ni ba ne!" Auta ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Uwargida ta ce, "Haba Malam, in ba kai ba wa? Ai nan ma ka fi yin kyau."

Nan ma na fi yin kyau. Shekara talatin da uku muna ɗaki ɗaya da matar nan.

Litinin, 31 ga Maris

Na je wajen Darakta. Da wannan muryar tawa ko faɗan kirki ban iya yi ba, sai huci. Darakta ya zaro takardar da na sa wa hannu, shafi na huɗu, ƙananan rubutu. Na amince a sarrafa muryata da na'ura. Ni da nake gaya wa mutane su riƙa karanta abu kafin su sa hannu.

Kunnuwa ba ta iya kallona ba. Ta ce layi goma sha ɗayan nan da tsofaffin labaraina suka ba na'urar, cikin awa biyu ta koye ni. Awa biyu.

Na ce sata ce, ko da takarda. Na ce a goge. Ta ce, "Baba, za a goge. Amma don Allah ka je a duba wuyan nan. Na ji wani abu tun ranar farko, ba mura ba ce."

Na buga ƙofa na fito.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na je asibitin, don Uwargida ta bar ni in sha iska. Sun zura mini wata siririyar kyamara ta hanci. Sun yanki ɗan nama.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ƙari ne. Aiki ranar 22. Likita ya ce an kama shi da wuri, rai ba ya cikin haɗari in Allah ya so. Na ce muryar fa? Ya juya biro a hannunsa, ya juya. "Za ka iya raɗa. Fiye da haka ban yi alkawari ba."

A mota Uwargida ta riƙa magana a kan labulen falo har muka iso gida. Ban hana ta ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ban yi magana da kowa ba yau. Gwaji.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hanya ce ta biyo da ni ta wajensu, ba wani abu ba. Na leƙa in tabbatar sun goge.

Ba su goge ba. Kunnuwa ta ce mantawa ta yi. Ƙarya take, kuma ta san na sani.

Na ce tunda yana nan, ta gwada mini abu ɗaya, in ji iyakar rashin kunyar na'urar. Ta rubuta abin da na ce. Sai ga shi daga lasifika, garau, kamar ni shekara goma baya: "Uwargida, na dawo." Na sa ta maimaita sau uku, don in kama kuskure. Ita kuma ta juya tana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Mun yi guda tara. Ina makullina. A rage gishiri. Allah ya yi miki albarka. Irin waɗannan, ba wasu na kirki ba. Ta zuba mini a waya. Ban gaya wa kowa ba.

Ina nan a kan bakana, abin da suka yi ba daidai ba ne.

Na goman na jaririn Auta ne, watan Yuli za ta sauka. 'Yar gaisuwa ce kawai, ya san kakansa ya yi masa maraba. Kunnuwa ta tambaye ni sunan da za ta sa. Na ce ta bar gurbin tukuna, zan aiko mata a rubuce.