Haƙorin Eun-chae

Zuwa ga Baban Eun-chae,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan bai tashi ba a cikin jirgi. Ka riƙa sa rigar sanyin da na haɗa maka.

Ban so in tayar maka da hankali kana tsakiyar teku, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ranar Talata surukinmu Seung-mo, mijin 'yarmu, ya kira ni, wai Eun-chae ta zame a banɗaki, haƙorinta na gaba ya fita ɗungurungum. Na same su wurin likitar haƙori. An mayar da shi gurbinsa, an ɗaure shi da siririyar waya a jikin na kusa. Likitar ta yaba wa Seung-mo, don bai taɓa saiwar ba, bai goge shi ba, a madara ya jefa shi ya taho da Eun-chae nan take. Yana ta sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa ina ta tunanin inda dillalin motoci kamarsa ya koyi wannan.

Da ya fita, likitar ta ja ni gefe ta nuna min hoton haƙoran da ta ɗauka. Akwai tsohuwar tsaga a saiwar wani haƙorin, ga leɓen ya fashe ta ciki. Ta ce, "Mama, wanda ya zame yakan kare da hannu. 'Yarki ko ƙwarzane babu a tafinta."

Na tambayi Eun-chae. Ta ce tayil ɗin ne da santsi, ta kau da kai.

Taka,
Bok-sun

Baban Eun-chae,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya sanyi? Mu muna nan.

Haƙorin ya fara yin toka-toka. Likita ta ce jijiyarsa ta mutu, za a cire ta a cike saiwar, kuma ko ya zauna sai an yi shekaru ana dubawa. Da wannan hujjar na ɗauko Eun-chae zuwa gida, nan garinmu Tongyeong, na ce wa mijinta ai mai shan kunun shinkafa sai uwarta.

Shekaranjiya ina taje mata kai na tarar da wani wuri babu gashi. Ban ce komai ba. Ita ce ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, kada ki mayar da ni."

Mun koma wurin likitar ta rubuta abin da ta gani, mun kai wa 'yan sanda. Sun ce za su kira Seung-mo. Shi kuwa kullum sai ya aiko da kwalin 'ya'yan itace, yana tambaya cikin ladabi yaushe matarsa za ta warke.

Ka roƙi shugaban jirgi ya sauke ka a tasha ta gaba. Na canza lambobin sirrin da ake dannawa a buɗe ƙofar gida, in ka iso ka buga min waya. Ɗazu da rana muna zaune muka ji ana danna tsofaffin lambobin da Seung-mo ya sani, a hankali, aka dakata, aka sake dannawa.

Matarka,
Bok-sun