Ni da na je filin ƙwallo yin faɗa

Daren Alhamis, Umdurman, Sudan

Har yanzu ƙirjina zafi yake, amma kunya ta fi shi.

Da la'asar na rufe shago a kasuwa, na nufi filin ƙwallon unguwa da niyyar in ci mutuncin Usman, yaron shagona, a gaban jama'a. Kullum lokacin nan yake barin keken ɗinki ya gudu, yana cewa tun da ya fara ƙwallo bayansa ya daina ciwo. Ni kuwa lalaci na ɗauka.

Kafin in buɗe baki, Baba Idrisa maƙeri, sa'an mahaifina, ya fito daga filin jiƙe da gumi. Ya ce, "Ɗana, tattare jallabiyyar nan ka shigo, muna neman mutum ɗaya." Girman kai ya hana ni ƙi. Ban kai tsakiyar fili ba numfashina ya ɗauke, na zube a ƙasa, tsoho yana wuce ni da gudu.

Usman ne ya ja ni inuwa, yana yi mini fifita da rawanina. Inna Zainaba mai shayi ta miƙo mini karkade, wato zoɓo, mai sanyi, ta ce albarkar filin nan ce take ci da iyalinta, in sha kawai.

Ina haki Usman ya raɗa mini, "Maigida, na shawo kan 'yan ƙwallon nan, a shagonmu za a ɗinka rigunan ƙungiya." Sannan ya tambayi abin da ya kawo ni.

Na ce kallo na zo yi. Allah Ka yafe mini.