Facin Inna a Ƙofar Kasuwa

Inna,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki, yaya Baba da yara?

Ni lafiya lau. Sanyi ne dai ba ya wasa, amma kada ki damu.

Albishirinki! 'Yan gwanjon nan, masu gyara tsofaffin tufafi don kada a zubar, sun ba ni aikin zana musu tambari. Duk abin da na kai sai su ƙi, har na fara karaya. Sai na zana faci da jan zare, irin wanda kike yi wa wandon Baba. Shugabarsu ta ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce Innata.

Jiya aka kafa allon a ƙofar kasuwa. Na daɗe tsaye ina kallon ɗinkinki.

A sa ni a addu'a.

'Yarki