Murhun Gidan Ersilia

Mamata,

Ina gaishe ki, ina sumbatar hannunki. Yaya 'yata Doina da makaranta? Ƙanena Ilarion ya gyara rufin gidan kuwa? Ni lafiyata ƙalau, ɗan tari ne kawai, kada ki sa shi a rai.

Sanyi ya sauko mana sosai a nan Italiya. Fausto, ɗan tsohuwar da nake jinya, ya sayo buhunan ƙwayoyin garin katako na murhun ɗumama ɗaki a wurin wani mai mota, wai ya samu araha. Mama, abin ba ya ci. Sai hayaƙi da warin gam, toka ta daskare kamar dutse, wutar ta mutu. Da na gaya masa, sai ya ce, "Zinaida, ke ce ba ki iya share shi ba. A ƙauyenku kun taɓa ganin irinsa?" Na koma na sake share murhun, don aikin nan ne abincinmu.

Don Allah ki ba direban bas ɗin da ke zuwa Italiya daga garinmu safar ulu biyu ya taho min da su.

Ita tsohuwa Ersilia ta daina fita daga bargo, ƙirjinta sai ƙara yake. Fausto ya ce ranar da ta kwanta asibiti, zamana a gidan ya ƙare. Jiya na cusa ƙafafunta cikin rigata har suka yi ɗumi. Ta ce, "'Yar nan, kin fi murhun ɗana amfani."

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki faɗa min gaskiya, Mama, naki ƙafafun wa ke ɗumama su?

'Yarki,
Zinaida