Wanzamin da Ya Yanka wa Yaƙi Adadi

Malam, ka taimake ni, bakina ya ja mini.

Ni wanzami ne a kasuwar Illo. Da faɗan nan ya tashi a tsallaken iyaka, wajen Dahome, ina cikin aski wani ya tambayi yadda nake gani. Ni da ban taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta maharba, na gyara murya na ce kafin kaka mutum ɗari biyar za su mutu. Wallahi ban san inda na samo adadin nan ba. Rumfa ta yi tsit, na ji daɗi. Tun ran nan na zama masanin yaƙi, kowa da kansa da tambayarsa.

To akwai Baba Na'Allah. Ɗansa Lauwali yana tuƙin kwalekwale can, shiru ba labari. Tsohon nan kullum sai ya zo aski, alhali kansa tal yake kamar ƙwarya. Yana zama sai ya tambaya ko adadin ya ragu. Ran da na rage, ya ci tuwo. Sai na yi ta ragewa. Yanzu na sauko arba'in, 'yan kasuwa na cewa na fi sojoji sulhu. Dariyarsu ba ta dame ni ba. Tsorona, in na ce masa ban san komai ba, me zai riƙe? In na ci gaba, ranar da mugun labari ya zo fa?

Mai Dogon Baki, Illo

Ɗan'uwa,

Na yi dariya, sannan na tausaya maka. Ragewar da kake yi jinƙai ce, na yarda. Amma ƙarya ce, kuma tsohon ya ɗora cin abincinsa a kanta. Adadin nan Allah kaɗai Ya san shi. Gobe, kafin ka jiƙa masa kai, gaya masa haka kai da shi, ba a gaban jama'a ba.

Kada kuma ka sallame shi hannu wofi. Masu kwalekwale da fataken kifi duk ƙarƙashin askarka suke zama. Duk wanda ya tsallako, tambaye shi Lauwali, da sunansa da kamanninsa. Abin da ka ji, ka faɗa yadda yake. Baba Na'Allah bai taɓa tambayarka mutum ɗari biyar ba. Mutum ɗaya yake tambaya.

Allah Ya kashe wutar nan, Ya maido masa ɗansa lafiya.