Fuskar Adda Rahamatu

Kazaure, Janairu 1968

Zuwa ga ƙanena Falalu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali da dabbobi.

Ka ji gaskiya, na shiga aikin masu lambar rigakafin cutar agana. Maza ba sa shiga gidajen kulle, ni nake shiga. Ba na dogon wa'azi. Mayafi kawai nake janyewa, mata su ga zanzanar da ke fuskata, sai su fara miƙo 'ya'yansu. Gani ya kori ji.

Ranar kasuwar Roni mai zuwa muna can. Ka kawo 'yarka Tasalla a yi mata lamba. Tun tana goye rabona da ita, kuma ita kaɗai gare ka.

Ka gaida matarka Asma'u. Yayarka, Rahamatu.

Roni, Fabrairu 1968

Zuwa ga Adda,

Gaisuwa da girmamawa. Malamin unguwa ne ya rubuta mini.

Ban kawo ta ba, kuma ba zan kawo ta ba. Ko'ina a kasuwa zancenki ake, wai 'yar Muhammadu Lawal tana yawo a mota da maza tana tallar fuskarta. Abin da Allah Ya jarrabe ki da shi na rufewa ne. Ciwo da lafiya duk nasa ne. Har sai kin bar aikin nan, kada ki zo rugarmu.

Ki yi haƙuri. Ƙanenki, Falalu.

Babura, Maris 1968

Falalu,

Ina gaishe ka, ko da raina a ɓace yake.

Shekarun baya da masu allurar shanu suka zo, kai ne na farko a layi, har da tutiyar ba ka rasa ko maraƙi ba. Ashe shanu ba na Allah ba ne? Ko Tasalla ce ba ta kai saniya ba?

Kana ƙarami lokacin da agana ta kama ni, aka kai ni bukkar bayan ruga. Inna takan ajiye fura a bakin ƙofa, ta koma nesa tana kuka. Ba ƙurajen suka fi ciwo ba, jin muryoyinku da yamma ne, babu mai zuwa. Mijin da aka ba ni ya leƙo sau ɗaya bayan na warke, bai sake ba.

Har yau ban fita daga bukkar nan ba. Mata su kalle ni, su yi salati, su ba da yara, amma babu mai cewa in zauna in sha ruwa. Ni kaɗai nake cin tuwona a masauki. Na yarda da haka, in dai ba za a sake gina wa wata yarinya irinta ba.

Mako mai zuwa muna Gwiwa, daga nan mun bar ƙasar Kazaure. Ba zan ƙara roƙonka ba.

Allah Ya tsare. Rahamatu.

Roni, Afrilu 1968

Adda,

Gaisuwa da neman gafara.

A Gwiwa, akwai wata yarinya mai jan zane da ba ta yi kuka ba. Ke kika riƙe mata hannu, kika ce, "'Yar wa ce ke, jaruma?" Tasalla ce. Ina bayan tsamiya, kunya ta hana ni fitowa.

Lambar ta kama. Tana ta tambayar wace ce matar nan mai taushin hannu. Na ce ta jira, za ki zo ki faɗa mata da bakinki.

Asma'u ta share miki ɗaki, na tsakiyar gida.

Ƙanenki, Falalu.