Ludayin Inna Hajo yana jiran izininku

Zuwa ga mai girma shugaban biro, wato ofishin da ke kula da ƙungiyoyin waƙa da rawa na gargajiya a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ni tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Dakoro. Na koyar har na shugabanci lakwal, na aje alli da mutuncina, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takardar roƙo don kaina ba. Wannan ma ba don kaina ba ce. Na buɗe ta ga jama'a ne saboda waɗanda na rufe na aiko maka ba su sami amsa ba.

A unguwarmu akwai abin da muke kira waƙar shekara. In an gama ɗaure hatsi, an saki gonaki ga dabbobi, mata kan taru a fage bayan la'asar, matan manoma da matan makiyaya da suka sauko daga wajajen Roumbou. A kifa ƙwarya cikin ruwa, shugabar waƙa ta buga da ludayi, ta waƙe abin da ya faru a shekarar: wanda shanunsa suka yi ɓarna, wanda ya yafe, wadda ta haihu, wanda ya tafi cirani ya manta da uwarsa. Mu kuwa mu amsa, ƴan mata su shiga fili su taka. Na ga dattawa biyu da suka yi damina ba sa gaisawa sun yi dariya tare saboda baiti guda. Tun ina budurwa nake cikin masu amshi.

Shugabarmu ita ce Inna Hajo. Ta tsufa ƙwarai, numfashinta ya fara gajarta, kuma tana so ta miƙa ludayi ga Tsahara, wadda ta daɗe tana zama a damanta. Ga yadda dokarku ta tsaya tsakaninsu.

Na ɗaya. Kun ce ba za a yi kiɗa a bainar jama'a ba sai da izini, kuma ba a ba da izini sai ga ƙungiyar da kuka amince da ita. Ban yi jayayya ba. Na san dalilin tsaro, kuma na yi rayuwata ina koya wa yara bin doka. Na haɗa dosiye, wato takardun neman amincewarku, da hannuna, na kai muku shi bara waccan, tun kafin shuka.

Na biyu. An maido mini da shi, wai sai mun haɗa da rubutattun baitocin da za a rera, a duba, a buga hatimi, kuma ranar wasa wakilinku zai zauna ya tabbatar ba a kauce musu ba. Ranka ya daɗe, waƙar shekara ba ta da baiti kafin ranarta. Miƙa ludayi kuwa jarrabawa ce. Tsohuwar shugaba takan jefa rabin baiti a kan wani abu na shekarar, ba tare da ta gaya wa kowa ba, magajiyarta ta ƙarasa nan take a gaban jama'a. In mata suka ɗauki amshi, ta gada. In suka yi shiru, ludayi ya koma hannun mai shi sai wata kaka. Na shirya jarrabawa iri-iri a aikina, ban taɓa ganin wadda ake ba ɗaliba amsarta da hatimi kafin a shiga aji ba.

Wani ma'aikacinka, cikin tausayi, ya ba ni shawara in rubuta kowane irin baiti in kawo, tunda ba lallai wakilin ya zo ba. Ɗana da ke aiki a Yamai shi ma ya ce zai kira wani babba a yi mini alfarma. Na ƙi duka biyun. Ba na sa hannu a kan ƙarya, kuma abin da iyayenmu suka yi da rana tsaka ba zan nema masa ƙofar baya ba. Wasu matan sun ce taurin kaina ne ya jawo mana. Sun faɗa a gabana, na ji, kuma ban sake ra'ayi ba.

Na uku. Tallafin da kuke bayarwa an ware shi ga matasa, don haka ko sunan Inna Hajo ba shi da gurbi a takardarku. Na ga ƙungiyar da kuka ɗinka wa anko kuka kai gasa. Yaran sun yi ƙoƙari, wasunsu ɗiyan ɗalibaina ne, ba na zarginsu. Amma an kifa musu ƙwarya a kan tabarma ba ruwa, an kunna waƙa daga na'ura, suna motsa baki. An tafa musu, an ce an raya al'ada. Mai al'adar tana gida a lokacin, ba wanda ya aika mata ko goron gayyata.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kaka biyu ta wuce ba a kifa ƙwarya a fagenmu ba, don mata na tsoron a ce sun taka doka. Na roƙi Inna Hajo ta miƙa ludayin a tsakar gidana, mu kaɗan. Ta ce shugabar da jama'a ba su ji ta ƙarasa baiti ba, ba za su yarda ta ambaci laifinsu a waƙa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Tsahara ma ta ce ba za ta karɓa a ɓoye ba. Yanzu hatsi ya fara nuna. Da na je duba Inna Hajo a satin nan, sai da ta huta a tsakiyar gaisuwa.

Saboda haka ina neman abubuwa uku, ba kuɗi, ba anko. Ka ba mu izinin yammaci guda a wannan kaka, ba tare da sharaɗin rubutattun baitoci ba. Ka turo wakilinka ya zauna ya saurara, za mu shimfiɗa masa tabarma, in ya ji abin da ya saɓa wa doka ni zan amsa. Sannan ka isar wa na sama da kai cewa akwai waƙoƙin da ba a rubuta su kafin a rera, a yi musu gurbi a doka, ko don wasu garuruwan.

Ba zan ɓoye maka ba, ban sa rai. Na san tafiyar takarda a biro, na kuma ga yadda Inna Hajo ke numfashi. In izinin ya fito bayan an kai hatsi rumbu kuma makiyaya sun wuce, kada ka wahalar da ɗan aike. Ba na tsammanin za ta ga wata kaka, kuma Tsahara ba ta da wanda zai jefa mata rabin baiti.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya ba ka mashawarta na gari, ya sa ka gama aiki lafiya, ya kuma ba ka tsufan da za a saurari maganarka.

Wassalam.

Hajiya Hadiza,
tsohuwar shugabar lakwal, ɗaya daga masu amshi,
Dakoro.